Dawakan Zamanin Ƙanƙara: Yadda Ake Karanta Tarihinsu Daga Ƙasusuwan Cikin Kogo

Dawakan zamanin ƙanƙara su ne dawakan dajin da suka rayu a arewacin duniya lokacin da matsanancin sanyi ya mamaye ta, tun kafin ɗan Adam ya san linzami ko sirdi. A lissafin masana ilimin ƙasa, wannan zamani ya fara ne kimanin shekara miliyan 2.6 da suka wuce, ya kuma ƙare kimanin shekara 11,700 da suka wuce. Babu wanda ya bar rubutu a kan waɗannan dabbobi. Kusan duk abin da aka sani game da su ya fito ne daga haƙora, da ƙasusuwan ƙafa, da ɗan guntun fata da aka tono daga cikin kogwannin dutse da daskararriyar ƙasa, musamman a yankin Yukon na Kanada, da jihohin Alaska da Wyoming na Amurka, da kuma Saberiya ta Rasha.

Abin da ya sa batun ya ja hankalin masu bincike shi ne wani al'amari mai ɗaure kai. Lokacin da Hernán Cortés ya sauka a gaɓar Meziko a 1519 da dawakansa 16, mutanen da ya tarar ba su san doki ba. Amma ƙasusuwan da aka tono daga baya sun nuna cewa nahiyar Amurka ta Arewa ita ce mahaifar doki. A can ne masana suka bi sawun zuriyarsa har zuwa wata ƙaramar dabba mai girman kare, mai yatsu huɗu a ƙafar gaba da uku a ta baya, wadda ta rayu kimanin shekara miliyan 55 da suka wuce. Daga can ne dangin doki suka ƙetara zuwa Asiya, suka bazu har Turai da Afirka, inda aka samu jaki da jakin dawa. Sai kuma aka wayi gari gidan asali ya zama kufai: doki ya ƙare ƙaf a nahiyar da ta haife shi, ya wanzu a ƙasashen da ya je baƙunta. Yaushe hakan ta faru, kuma me ya jawo, su ne tambayoyin da ake shiga kogo domin amsa su.

Ƙasar da suka yi kiwo

A lokacin da sanyi ya kai maƙura, tsakanin shekara 26,000 zuwa 19,000 da suka wuce, ruwa mai ɗimbin yawa ya daskare a doron ƙasa har teku ta ja baya da kimanin mita 120. Mashigin ruwan Bering, wanda a yau ya raba Rasha da Alaska da tazarar da ta ɗan wuce kilomita 80, ya zama busasshiyar ƙasa mai faɗin fiye da kilomita 1,000 daga kudu zuwa arewa. Wannan ƙasa, haɗe da gabashin Saberiya da Alaska da Yukon, ita ake kira Beringiya.

Mai karatu zai iya zaton wuri ne da ƙanƙara ta binne. Ba haka ba ne. Ƙanƙarar mai kauri ta kwanta ne a kudu da gabas, inda ta rufe mafi yawan Kanada. Ita Beringiya ta yi bushewar da dusar ƙanƙara ba ta samun taruwa a cikinta. Fili ne fetal mai ciyawa da ƙananan tsirrai, ga iska mai ƙura, ga sanyi mai ratsa ƙashi, amma ga abinci. Masanin dabbobin da na Jami'ar Alaska, Dale Guthrie, shi ya yayata sunan da ake kiran irin wannan fili da shi, wato makiyayar mamot, saboda giwa mai gashi da ake kira mamot. Dabbobi uku ne suka fi yawa a cikinta: mamot, da ɓaunar arewa, da doki. Akwai kuma zakuna, da kyarketai, da beyar, waɗanda ke rayuwa a kansu.

Me ya sa sai a kogo

Ƙashin da aka bari a sarari ba ya daɗewa. Rana ta fasa shi, ruwa ya jiƙa shi, kura ko makamanciyarta ta tauna shi, cikin 'yan shekaru ya koma ƙasa. Kogo kuwa ma'aji ne. Zafinsa ba ya hawa da sauka sosai, rana ba ta shiga, sannan dutsen farar ƙasa da yawancin kogwanni ke cikinsa ba ya cin ƙashi. Ƙura da turɓaya suna shiga a hankali suna rufe abin da ke ciki, rufi bisa rufi, ta yadda abin da ke ƙasa ya girmi abin da ke sama, muddin ba a tona ba.

Sai dai kowane kogo da irin yadda ya tara ƙasusuwansa, kuma wanda bai san wannan ba zai yi wa ƙasusuwan mummunar fassara. Misali mafi sauƙi shi ne kogon da ake kira Natural Trap a tsaunukan Bighorn na jihar Wyoming. Sunan yana nufin tarkon da ba mutum ya ɗana ba, kuma ya dace da shi. Rami ne mai siffar tulu, bakinsa a buɗe a kan hanyar dabbobi, zurfinsa kimanin mita 25. Dabbar da ke gudu ba ta ganinsa sai ta zo gab, kuma wadda ta faɗa ba ta fita. Shekaru dubbai yana haɗiye dawakai, da raƙuma, da tumakin dutse, da zakuna, da wata dabba mai kama da rabbi. An yi tono a cikinsa daga shekarun 1970 zuwa tsakiyar shekarun 1980, aka fito da dubban ƙasusuwa, hukuma kuma ta kulle bakinsa da ƙarfe. A 2014 wata tawaga ƙarƙashin Julie Meachen ta Jami'ar Des Moines ta koma, masu bincike suna sauka da igiya. Abin da ya mayar da su shi ne sanyin ramin, wanda ya yi daidai da na firji, domin sanyi ne ke adana ƙwayoyin gado na DNA a cikin ƙashi.

Amfanin irin wannan kogo shi ne ba ya zaɓe sosai. Abin da ya ratsa ta wurin shi yake kamawa. Kogon da kyarkeci ko zaki ya mayar da shi gida kuwa labarinsa dabam ne. A nan abin da mafarauciyar dabba ta iya kashewa ta jawo shi ake samu: tsofaffi, da 'ya'ya, da marasa lafiya, kuma yawanci ƙafafu da kawuna, a tattaune. Idan mutum ne ya zauna, za a ga ƙasusuwan da aka fasa domin ɓargo, da alamun wuƙar dutse. Matsalar ita ce kogo ɗaya yakan zama gidan kyarkeci a wani ƙarni, zangon mafarauta a wani, sannan sanyi da narkewa su yi ta motsa ƙasar har ƙashin sama ya nutse, na ƙasa ya taso. Rabin aikin mai bincike shi ne ya gane wane ne ya kawo ƙashin, kafin ya tambayi abin da ƙashin ke faɗa.

Haƙori, ƙafa da sinadari

Duk dillalin dawaki ya san cewa shekarun doki a bakinsa suke. Masu binciken ma da haƙori suke farawa, domin shi ne mafi tauri a jiki kuma mafi daɗewa a ƙasa. Turamen doki dogaye ne, suna ta fitowa a hankali yayin da ciyawa da ƙura ke cinye su, don haka tsawon abin da ya rage yana nuna shekarun dabbar lokacin da ta mutu. Idan aka jera haƙoran dawakai da yawa daga kogo ɗaya, za a ga ko garke guda aka hallaka, manya da ƙanana, ko kuwa raunana ne aka riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Ƙananan ƙarce-ƙarcen da ke saman haƙori kuma, idan aka duba su da madubin ƙara girma, suna nuna irin abincin da dabbar ta ci a kwanakinta na ƙarshe.

Na biyu shi ne ƙashin ƙwauri, wanda ke tsakanin gwiwa da kofato. Ƙashi ne mai ƙarfi da ba kasafai yake karyewa ba, kuma tsawonsa da kaurinsa suna ba da girman dabbar gaba ɗaya.

Shekarun ƙashin kuma ana samunsu ne ta gwajin kabon-14, wanda Willard Libby ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1940, ya kuma samu kyautar Nobel saboda shi a 1960. Duk mai rai yana ɗaukar wannan sinadari ta abincinsa. Da zarar ya mutu sai ya daina, wanda ke jikinsa kuma ya fara raguwa, rabinsa yana tafiya a duk shekara 5,730. Idan aka auna abin da ya rage, sai a san lokacin mutuwa. Gwajin yana da iyaka: bayan kimanin shekara 50,000 abin da ya rage ya yi ƙanƙantar da ba a iya dogara da shi. Akwai kuma wani abu da ke rikita masu karatu. Shekarun da na'ura ke bayarwa ba daidai suke da shekarun kalanda ba, sai an gyara su da ma'aunin da aka gina daga zoben itatuwa da makamantansu. Wannan ne ya sa ake ganin ƙashi ɗaya da shekaru biyu mabambanta a littattafai, alhali babu wanda ya yi kuskure.

Abin da ya wuce shekara 50,000 sai a nemi wata dabara. A 2003 aka tsinci ƙashin ƙafar wani doki a daskararriyar ƙasa a Thistle Creek da ke Yukon, kusa da tokar wani dutse mai aman wuta wadda aka san shekarunta. Ta haka aka ƙiyasta cewa dokin ya rayu tsakanin shekara 560,000 zuwa 780,000 da suka wuce. A 2013 Ludovic Orlando da Eske Willerslev da abokan aikinsu a Jami'ar Copenhagen suka karanta jerin ƙwayoyin gadonsa, wanda a lokacin shi ne mafi tsufa da aka taɓa karantawa na kowace dabba. Daga nan suka lissafa cewa doki da jaki da jakin dawa sun haɗa kaka kimanin shekara miliyan 4 zuwa 4.5 da suka wuce, ninki biyu na abin da aka daɗe ana faɗa.

Muƙamuƙin Bluefish

Babu ƙashin dokin da ya jawo gardama kamar wani muƙamuƙi da aka tono a kogwannin Bluefish. Wasu ƙananan kogwanni ne guda uku a jikin tsaunin farar ƙasa a arewacin Yukon, kimanin kilomita 54 kudu maso yamma da ƙauyen Old Crow, a ƙasar al'ummar Vuntut Gwitchin. Jacques Cinq-Mars, masanin tonon kayan tarihi ɗan Kanada, ya yi aiki a cikinsu daga 1977 zuwa 1987. Ya samu 'yan kayan aikin dutse da tarin ƙasusuwan dabbobi, ciki har da na dawakai masu yawa, kuma ya ce wasu daga cikin ƙasusuwan na ɗauke da aikin hannun mutum na tun shekara 24,000 da suka wuce.

Wannan magana ta zo a lokacin da ba a son jin ta. Abin da manyan masana suka tsaya a kai a wancan zamani shi ne cewa mutanen farko sun shiga nahiyar Amurka ne kimanin shekara 13,000 da suka wuce, wato mutanen da ake kira Clovis. Wanda ya zo da ƙarin shekara 10,000 a kan haka kuwa ya taro faɗa. Aka yi wa Cinq-Mars ca a tarukan masana, wasu suka mayar da shi abin dariya, kuɗin bincike ya yi wuyar samu. Ƙasusuwan suka koma cikin akwatuna a gidan tarihin ƙasa da ke Gatineau, kusa da Ottawa. Shi da Ariane Burke sun ci gaba da nazarin haƙoran dawakan a shekarun 1990, amma batun mutum ya kwanta.

Bayan shekaru masu yawa sai wata ɗalibar digirin digirgir a Jami'ar Montreal, Lauriane Bourgeon, ta buɗe akwatunan. Ta bi kimanin gutsattsarin ƙashi 36,000 ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubi. Akasarin alamun da ta gani na haƙoran namun daji ne, ko na saiwoyi, ko na gogar duwatsu. Amma bambancin yana ganuwa ga wanda ya iya dubawa. Haƙori yana barin rami mai faɗi, mai zagayayyen gindi. Kaifin dutse kuwa yana barin siririn tsagi mai tsinin gindi, miƙaƙƙe, sau da yawa biyu ko uku a jere, kuma a daidai inda mahauci zai sa wuƙa. Ƙasusuwa 15 ne kawai ta amince cewa mutum ne ya yanke su. A cikinsu akwai muƙamuƙin doki mai tsage-tsage ta ɓangaren ciki, inda ake bi idan za a cire harshe. Aka aika samfurinsa ɗakin gwaji na Oxford, inda Thomas Higham ya auna shi. Sakamakon da aka wallafa a watan Janairun 2017 ya ba da shekara 19,650 a ma'aunin kabon, wato kimanin 24,000 a kalanda, daidai da abin da Cinq-Mars ya faɗa tun farko. Ya rayu har ya ga haka, kafin rasuwarsa a 2021.

Muhimmancin wannan bai tsaya a kan mutuncin mutum ɗaya ba. Masu nazarin ƙwayoyin gadon ɗan Adam sun daɗe suna hasashen cewa kakannin 'yan asalin Amurka sun zauna a keɓe a Beringiya na dubban shekaru, ƙanƙara ta tare musu hanyar kudu, kafin su bazu. Abin da ya rage shi ne shaida a ƙasa, kuma muƙamuƙin Bluefish ya zama ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da ake nunawa.

Duk da haka tsugune ba ta ƙare ba. Akwai masanan da har yanzu suke cewa tsagi 15 a cikin gutsattsari 36,000 bai wuce abin da tattakawar dabbobi da motsin ƙasa za su iya haifarwa ba, kuma ba a samu murhu ko ƙashin mutum a wurin ba. Wannan suka tana da nauyi, bai kamata a yi watsi da ita ba kamar yadda aka yi watsi da Cinq-Mars. Abin da za a iya cewa shi ne shekarun dokin ba su da gardama. Abin da ake ja a kai shi ne hannun da ya taɓa shi.

Iri nawa ne

Masanan ƙarni na 19 da farkon na 20 suna da saurin raɗa suna. Duk wanda ya samu haƙori mai ɗan bambanci sai ya ce sabon iri ne, har sunayen dawakan zamanin ƙanƙara na Amurka ta Arewa suka haura 50. Binciken DNA ya zo ya rage su ƙwarai. Wani nazari da aka wallafa a 2005 ya nuna cewa akasarinsu sun kasu ne gida biyu.

Gida na farko su ne masu kaurin ƙafa, 'yan uwan dokin da aka sani a yau. A cikinsu akwai dokin Yukon, wanda Oliver Hay ya raɗa wa suna Equus lambei a 1917. Ƙaramin doki ne, tsayinsa a kafaɗa bai wuce kimanin mita 1.2 ba, wato dai ƙuru, mai babban kai da faffaɗan kofato.

Gida na biyu su ne masu siraran ƙafafu dogaye, waɗanda aka daɗe ana zaton dangin jakin dajin Asiya ne saboda kama. A 2017 Peter Heintzman da Beth Shapiro da Grant Zazula da wasu suka gwada ƙasusuwa daga Natural Trap, da kogon Gypsum na jihar Nevada, da wuraren haƙar zinariya na Klondike. Suka gano cewa wannan dabba ba doki ba ce, ba jaki ba ce, reshe ne dabam da ya rabu da su tsakanin shekara miliyan 4 zuwa 6 da suka wuce. Suka sa mata suna Haringtonhippus francisci domin karrama Richard Harington, wanda ya shafe rayuwarsa yana nazarin dabbobin zamanin ƙanƙara na Kanada. Ƙasusuwan kogon Gypsum, waɗanda aka tono tun farkon shekarun 1930, sun adanu ƙwarai har aka daɗe ana ɗaukarsu na dabbobin zamani ne. Wasu masana siffar ƙashi ba su yarda a ba wannan dabba gida nata na kanta ba, suna ganin ta cancanci ta zauna a cikin dangin doki. Amma kowa ya yarda cewa iri biyu ne suka yi kiwo a fili ɗaya na tsawon lokaci.

Kamanninsu

Ƙashi ba ya nuna launi. Wannan sai daskararriyar ƙasa, wadda ke adana har nama da gashi. A 1993 masu haƙar zinariya a Last Chance Creek, kusa da garin Dawson na Yukon, suka ci karo da wata fata da ke leƙowa daga laka. Ashe ta dokin Yukon ce mai shekara kimanin 26,000, da ƙafar gaba guda, da doguwar geza da wutsiya masu haske, da wani yanki na hanji wanda har yanzu abincin ƙarshe ke ciki: ciyawa da ƙananan furannin fili. Ana nuna fatar a cibiyar tarihin Beringiya da ke Whitehorse. Galibin ƙasusuwan Klondike ta wannan hanya suke fitowa, domin masu haƙa suna fesa ruwa su narkar da ƙasa don su kai ga tsakuwar zinariya, masana kuma suna bin su suna tattarawa.

A watan Agustan 2018 aka samu wanda ya fi wannan a ramin Batagaika na Yakutiya, wani makeken rami mai tsawon kusan kilomita ɗaya da ke ta faɗaɗa saboda narkewar ƙasa. Jinjirin duƙushi ne cikakke, da fatarsa da kofatansa da gashin hancinsa, mai shekara kimanin 42,000. Lakar da aka samu a cikinsa ta nuna nutsewa ya yi. A shekarar da ta biyo baya masu bincike a Yakutsk suka zuƙo jini mai ruwa-ruwa daga jijiyoyinsa. Abin lura shi ne dawakan da Yakutawa ke kiwo a wannan yanki a yau, masu jure sanyin da ya wuce digiri 50 ƙasa da sifili, ba jikokin wannan duƙushi ba ne. Dawakan gida ne da mutane suka zo da su 'yan ƙarnuka da suka wuce.

Akwai kuma shaidar masu zane. Doki ne dabbar da aka fi zanawa a bangon kogwannin Faransa da Sifaniya. An daɗe ana ɗaukar dawakai masu ɗigo-ɗigo na kogon Pech Merle a matsayin ƙirƙirar mai zane, sai wani gwajin DNA na 2011 a kan tsofaffin dawakai 31 ya samu ƙwayar gadon hurde a jikin 6 daga cikinsu, sauran kuwa jajaye ne da akawal.

Yadda suka ƙare

A 2003 Dale Guthrie ya auna ƙasusuwan ƙwaurin dawakan Alaska, ya jera su bisa shekarunsu. Ya ga cewa dawakan sun riƙa ƙanƙancewa a dubban shekarun ƙarshe, sannan ƙasusuwansu suka ɗauke kimanin shekara 12,500 a ma'aunin kabon, wato sama da 14,000 a kalanda. A fassararsa yunwa ce. Da duniya ta fara ɗumi sai damshi ya ƙaru, busasshiyar makiyaya ta koma fadama da gansakuka da ƙananan itatuwa masu ɗacin ganye. Wannan abinci ne ga barewar arewa da makamantanta, amma ba ga doki ba, wanda cikinsa ke buƙatar ciyawa mai yawa a kullum. Teku kuma ta dawo ta rufe gadar Beringiya kimanin shekara 11,000 da suka wuce, ta yanke hanyar da garkunan Asiya da na Amurka suka daɗe suna bi suna cuɗanya.

Masu ɗora laifin a kan mafarauta su ma suna da hujja. A Wally's Beach da ke lardin Alberta an samu gawarwakin dawakai 7 da raƙumi guda waɗanda mutane suka kashe suka feɗe kimanin shekara 13,300 da suka wuce. Doki ya sha wucewa ta lokutan ɗumi a baya bai ƙare ba. Abin da ya bambanta wannan karo shi ne akwai mutum da mashi. Sai dai idan muƙamuƙin Bluefish gaskiya ya faɗa, to mutum da doki sun zauna tare a arewa na kusan shekara 10,000 ba tare da dokin ya ƙare ba, kuma hakan yana rage ƙarfin hujjar farauta ita kaɗai. Akasarin masana a yau suna ganin abubuwan biyu ne suka haɗu, nauyin kowanne ya danganta da wuri.

Ita kanta ranar ƙarewar ta motsa. Ƙashi na ƙarshe da aka samu ba shi ne doki na ƙarshe da ya rayu ba, domin idan dabba ta yi ƙaranci da wuya a dace da ƙashinta. Amma dabba tana zubar da gashi da kashi da fitsari kullum, kuma DNA ɗinsu yana maƙalewa a ƙasa. A 2021 Tyler Murchie da Hendrik Poinar na Jami'ar McMaster suka tace daskararriyar ƙasar Klondike, suka samu alamar doki da mamot har zuwa aƙalla shekara 9,700 da suka wuce, dubban shekaru bayan ƙashi na ƙarshe. Masu suka sun ce tsohon DNA yana iya tasowa ya gauraya da sabuwar ƙasa, don haka ana jiran ƙashin da zai tabbatar.

Dangantakarsu da dokin yau

Dokin gida bai fito daga dawakan Yukon kai tsaye ba. Nazarin da Orlando da Pablo Librado suka jagoranta a 2021, a kan tsofaffin dawakai 273, ya nuna cewa dawakan gida na yau sun samo asali ne daga filayen da ke tsakanin kogin Volga da kogin Don a kudancin Rasha, kuma sun fara bazuwa kimanin shekara 4,200 da suka wuce. Wannan ya haɗa da dokin sukuwa na Ingila, da dokin Larabawa, da ingarman da ake yi wa kwalliya ranar hawan sallah a Kano ko Katsina. Dawakan Yukon 'yan uwansu ne na kusa, reshen da ya zauna a gida ya ƙare.

A Amurka wannan kusanci ya zama batun shari'a da siyasa. Dubban dawakan da suka koma daji suna yawo a filayen gwamnati na yammacin ƙasar, jikokin waɗanda Turawa suka kawo, kuma wata doka ta 1971 ta ba su kariya. Masu kiwon shanu da wasu masana muhalli suna kallonsu a matsayin baƙin dabbobi masu cinye makiyaya, suna neman a rage su. Masu kare su kuwa suna ɗaga sakamakon binciken ƙasusuwan kogo, suna cewa ɗan gida ne ya dawo. Su kuma na farkon sukan amsa da cewa makiyayar da wancan doki ya sani ta tafi, haka ma zakunan da ke rage yawansa. Hukumar kula da filaye ta tarayya tana ci gaba da kama rarar dawakan da jirage masu saukar ungulu, tana ajiye dubbai a killace da kuɗin gwamnati.